Sharhi kan garejin da ya gyara mini kalifar birkin da ta cije

Akwai gyaran motar da kowane bakanike zai iya yi ba tare da dogon tunani ba, akwai kuma wanda yake bambanta wanda ya san aiki da wanda ya iya kwance noti kawai. Cijewar kalifar birki, wato ƙarfen da yake matse fatun birki a kan faifan da ke juyawa tare da taya, tana cikin kashi na biyu, domin alamominta suna kama da na wasu matsaloli daban, kuma wanda bai tsaya ya bincika ba zai sa mai mota ya sayi ƙarfen da ba shi ne ya lalace ba. Wannan sharhi ne a kan wani ƙaramin gareji da ke yankin Ƙofar Ruwa a Kano, wanda maigidansa ya fi mayar da hankali ga aikin birki da ƙafar mota, inda na kai Toyota Corolla ƙirar 2006 bayan tayar gaba ta hagu ta fara riƙewa. Ba zan kama sunan wurin ba, saboda akwai abubuwan da zan soka, kuma abin da ya fi muhimmanci ga mai karatu shi ne ya gane irin aikin da ya kamata ya nema a duk garejin da yake zuwa.

Motar ta fara ne da nauyi wajen tashi, sannan ta riƙa karkata hagu a kan miƙaƙƙen titi idan an sassauta riƙon sitiyari. Bayan tafiya mai ɗan nisa a kan hanyar Zariya sai ƙauri ya tashi, wilin hagu ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓa shi ba alhali na dama ɗumi kawai yake da shi, ga kuma baƙar ƙura da ta lulluɓe shi shi kaɗai. Idan birkin ya yi zafi sosai aka taka, sai motar ta fizga dama maimakon hagu, domin fatar birkin ɓangaren da ya cije ta riga ta ƙone ta rage kamu, ɗaya ɓangaren ne kaɗai yake aiki yadda ya kamata. Shan mai ma ya ƙaru, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu direban da irin wannan ƙari zai wuce shi bai lura ba. Kafin in isa wannan gareji na ji ra'ayin wasu kanikawa: wani ya ce boris ne, wani ya ce a je a daidaita tayoyi, wani kuma ya yanke mini kuɗin kalifa ba tare da ya ko sunkuya ya leƙa ba.

Abin da ya fara jawo hankalina a wurin wannan maigida shi ne bai faɗi komai a kan ciwon motar ba sai da ya gwada ta. Ya zagaya da ita har birkin ya ɗumama, ya sa aka ɗaga gaban, ya umarci yaronsa ya taka birki da ƙarfi sau da yawa sannan ya saki. Tayar dama ta juya da hannu ɗaya, ta hagu kuwa sai da aka sa hannu biyu ta motsa da ƙyar. Daga nan ya ɗauki ƙaramar sifana ya sassauta notin fitar da iska da ke jikin kalifar, man birki ya ɗan ɗiga ba tare da ya yi tsartuwa ba, tayar kuma ta ci gaba da riƙewa. Ya ɗago ya ce, “Alhaji, da man nan ya feso da ƙarfi tayar ta saki, da tiyo za ka saya ba kalifa ba.” Bayaninsa daidai ne. Tiyon roba da yake kai mai ga kalifa yakan rube daga ciki alhali bayansa lafiya lau, sai ya bar mai ya wuce idan an taka amma ya hana shi komawa idan an saki, kuma mutane da yawa sun canza kalifa a banza saboda wannan, suka dawo bayan kwana kaɗan da matsalar da suka tafi da ita. Gwajin bai ci minti biyar ba, amma shi ne ginshiƙin duk aikin da ya biyo baya.

Da aka sauke kalifar sai ya nuna mini yadda take. Irin wadda ke gaban Corolla fistin ɗaya gare ta, yana ɓangaren ciki, kuma jikin kalifar duka yana zamewa ne a kan wasu ƙusoshi biyu masu santsi, ta yadda idan fistin ya tura fatar ciki sai jikin ya ja fatar waje, su matse faifan birki a tsakiya. Saboda haka wuri biyu ne cijewa take faruwa, ko a ƙusoshin ko a fistin, kuma kuɗin gyaran biyun ba su ko kusa da juna. Ƙusar sama ta fita da yatsa, ta ƙasa sai da aka murɗa ta saboda giris ɗinta ya bushe ya zama gari, amma da ya ɗora matsi a kan fistin don ya mayar da shi ciki, ko gezau bai yi ba. Robar da take rufe bakinsa don hana ƙura da ruwa shiga ta yage a ƙasa, yagewar da ba ta fi tsawon farce ba.

Mutane da yawa suna zaton akwai wani sifirin da yake mayar da fistin baya idan an ɗaga ƙafa daga birki. Babu shi. Abin da yake wannan aiki wani siririn zobe ne na roba mai kusurwa huɗu, wanda yake zaune a cikin wani kwari a jikin kalifar yana rungume da fistin. Idan fistin ya fito sai zoben ya ɗan lanƙwasa, idan matsin mai ya sauka sai ya miƙe ya ja shi baya da tazarar da ido ba ya iya gani. Ƙarfin wannan zobe kaɗan ne ƙwarai, don haka tsatsa ƙalilan ta isa ta rinjaye shi. Da aka tura fistin ya fito da ƙarfin man birki, ta hanyar taka feda a hankali yayin da tiyon yake haɗe, sai ga wani zagayen tsatsa a jikinsa daidai inda ruwa ya kwanta, rufin ƙarfe mai ƙyalli da aka yi masa ya ɓare, ƙarfen ya yi ƙananan ramuka da farce yake maƙalewa a cikinsu.

Ba abin mamaki ba ne a garinmu. Duk wanda ya yi tuƙi a Kano cikin watan Agusta ya san titunan da ruwa yake kaiwa rabin taya, da rani kuma ƙura ce mai laushi da take shiga ko'ina, ga masu wankin mota da suke saita bakin injin feshi kai tsaye a cikin wili. Amma ruwan ba daga waje kaɗai yake zuwa ba. Man birki irin DOT 3, wanda aka rubuta a murfin tankin wannan mota, yana zuƙar danshin iska a hankali, shi ya sa kamfanonin mota da dama suke cewa a canza shi duk bayan shekara biyu. Ƙa'idarsa ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma wanda ya sha ruwa yana iya sauka zuwa digiri 140. Man da ya fito daga motata ya yi duhu kamar baƙin shayi. Wannan ne ya sa kalifar da ta cije ta fi ƙarfin a kira ta matsalar shan mai ko cin fata: tana dafa man da ke bayanta, kuma idan ya tafasa ya zama tururi feda za ta nutse har ƙasa babu kamu. Wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo daga Jos ya san ba wurin da mutum zai so ya gano hakan ba ne.

A nan ne na fi yaba wa maigidan. Gyaran da aka saba yi wa irin wannan fistin shi ne a goge shi da samfefa har ya yi ƙyalli, a shafa masa baƙin mai ko giris ɗin boris, a buga shi ya koma, a karɓi kuɗi. Motar za ta saki a ranar, mai ita ya tafi yana godiya, amma gyaran gangar Auzinawa ne aka yi masa. Samfefa tana cinye sauran rufin da yake kare ƙarfen, ramukan kuma suna nan za su riƙa yankar zoben har mai ya fara yoyo, sannan robar birki ba ta jituwa da duk wani mai da aka samo daga ɗanyen man fetur, kumbura take yi ta saki jiki. Mafi muni shi ne abin da wasu suke yi a bakin hanya, su toshe bututun tayar da ta cije da ƙusa ko su ɗaure tiyon, motar ta ci gaba da tafiya da birkin taya uku. Na gwada shi da gangan, na ce ko za a goge a mayar tunda aljihu ba nauyi. Ya ce, “Ranka ya daɗe, idan gogewa kake so akwai masu yi, amma ba a nan ba, don iyalinka za ka ɗauka a motar nan.” Bai ƙara komai ba, ya ci gaba da wanke hannunsa.

Ya shimfiɗa mini zaɓin da ake da shi dalla-dalla. Sabuwar kalifa ta asali daga Toyota ita ce mafi kwanciyar hankali, amma tun bayan da aka saki darajar naira a 2023 kuɗinta ya kai inda mai tsohuwar Corolla zai yi dogon nazari, kuma sai an yi odarta an jira. Akwai sababbi masu araha a kwali mai kyau waɗanda ba a san maƙerinsu ba, ya ce shi ba ya ɗaukar alhakinsu. Akwai saitin roba da sabon fistin, wanda shi ne gyara mafi dacewa idan jikin kalifar lafiya yake, domin zoben a kan fistin yake riƙe mai, ba a kan bangon ramin ba, don haka ɗan tabo a bango ba ya hana aiki matuƙar kwarin da zoben yake zama bai ci ba. Tawa kuwa tsatsa ta cinye leɓen da robar ƙura take kamawa, ko an sa sabuwa ba za ta zauna ba. Abin da ya rage shi ne 'yar Beljiyom, wato wadda aka ciro daga motar da aka yanka a ƙasar waje, da sharaɗin za a buɗe ta a duba kafin a biya, a kuma sa mata sababbin robobi. A ganina shawarar ta yi daidai da motar da kuma aljihun mai ita, ko da yake wanda yake da hali, ko mai motar haya da take kan hanya kullum, sabuwar ta asali ta fi masa.

Bai tura yaro shi kaɗai kasuwa ba, ya ce in bi shi in ga abin da zan saya da idona, kuma mu tafi da tsohuwar. Dalilin tafiya da ita ya wuce gwada girma. Kalifar hagu da ta dama suna kama da juna har ana iya ɗaura ɗaya a gurbin ɗaya, bambancin shi ne notin fitar da iska dole ya kasance a sama, domin iska sama take taruwa; idan aka juya su, ko kwana za a yi ana fitar da iska birkin ba zai yi tauri ba. Ta farko da aka miƙo mana an fesa mata fenti tana sheƙi, amma da yaron ya ɗaga leɓen robar da ɗan ƙaramin sukundireba sai ga jan tsatsa a ƙasa, ya mayar ba tare da ya ce uffan ba. Ta biyun ba ta da kyan gani, duk ta yi ƙasa-ƙasa, amma fistinta ya koma da matsin hannu, notin iskarta ya kwance ba gardama. Wannan yaro ya samu horo, kuma horon yara yana daga cikin abin da ake auna gareji da shi, domin rabin aikin motarka su ne za su yi.

Haɗawar maigidan ya yi ta da kansa a kan wani tsohon kwali da ya shimfiɗa don kada yashi ya taɓa kayan. Ya wanke ramin da sabon man birki, ba da fetur ko kalanzir ba, ya bi kwarin zoben da tsinken katako maimakon ƙarfe don kada ya karce shi, ya jiƙa sabon zoben da man birki ya zaunar da shi da yatsa yana zagayawa har ya tabbata bai murɗe ba. Fistin ya shiga da manyan yatsunsa biyu kawai. Ƙusoshin ya goge su tas ya shafa musu jan giris na roba daga wani ɗan gwangwani da yake kullewa a akwatinsa, ya kuma canza wasar tagulla, wato siraran zobban da ke hana yoyo a bakin tiyon, maimakon ya mayar da tsofaffin da suka riga suka baje. Duk lokacin da kalifar take a kwance ya rataye ta da waya, bai bar nauyinta a kan tiyon ba.

Bai tsaya a tayar da na kawo ƙara a kanta ba. Ya buɗe ta dama, ya samu ƙusa ɗaya ta fara bushewa, ya gyara ta, ya kuma ce dole a canza fatun birki na ɓangarorin biyu tare, domin sabuwa a hagu da tsohuwa a dama za su sa motar ta riƙa fizga. Fatar hagu ta ƙone ta yi ƙyalli, har ta fara tsagewa. Faifan wannan ɓangaren ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, ya auna kaurinsa ya gwada da adadin da aka buga a jikinsa, ya juya shi ya ga bai karkace ba, ya ce zai iya ci gaba da aiki amma idan na fara jin feda tana rawa a ƙarƙashin ƙafata in dawo. Da ya so ya sayar mini da faifai biyu a ranar da na saya, domin launin kaɗai ya isa ya tsorata ni. Ya kuma girgiza tayar ya saurari boris, tunda zafin da ya kai haka yakan narkar da giris ɗinsa. Man birkin a gabana aka ɓalle hatimin robarsa, aka zuƙe tsohon daga tanki, aka bi tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya daga ta nesa zuwa ta kusa, har sai da mai fari tas ya fito babu kumfa.

Sai dai duk wannan kulawa ta tsaya ne a kan ƙarfen, ba ta kai ga mutanen da ke aikin ba. Motar a kan jak ɗaya aka bar ta, da wani guntun katako da aka cusa a ƙasa, alhali yaro yana kwance kansa a cikin ramin taya wani kuma yana ciki yana taka feda da ƙarfi. Garejin da ya san darajar wasar tagulla bai kamata ya rasa ƙafafun ƙarfe biyu na tallafe mota ba. Tsohon man birki a ƙasa aka tsiyayar da shi, wani ya fallatsa a jikin mota, kuma sai da na yi magana aka wanke, ga shi kuwa man birki yana cin fenti. Wajen ɗaure taya yaron hawa ya yi kan sifana yana tsalle. Toyota ta ƙayyade ƙarfin ɗaurin notin tayar wannan mota a kan 103 a ma'aunin Nm, kuma ɗaurin da ya wuce kima ba daidai ba yana iya karkatar da faifan da aka gama aunawa yanzu, ban da wahalar da mutum zai sha ranar da taya ta yi faci a daji. Na nemi a sassauta a sake ɗaurewa da hannu, a tsallake-tsallake, aka yi, amma da alamar ana ganin na cika fitina.

Lokaci ma ba shi da daraja a wurin. Na isa da hantsi, ban bar garejin ba sai bayan sallar la'asar, aikin da ainihinsa bai wuce awa uku ba, domin maigidan yana barin motarka ya je ya saurari ƙarar wata, ya dawo, a sake kiransa. Wurin zama benci ɗaya ne a ƙarƙashin rumfar kwano, kuma ba na jin mace za ta saki jiki ta wuni a wurin. Kuɗin aiki ba a faɗe shi tun farko ba; da na tambaya sai aka ce mini “ba za mu ɓata ba”, wadda magana ce mai daɗi amma ba ta taimaki mai lissafi ba. Da aka gama, abin da ya nema ya ɗara na sauran kanikawan layin, ko da yake bai yi yawa ba idan aka duba abin da aka yi, kuma bai ɗora riba a kan kayan ba tunda da hannuna na biya a kasuwa. Babu rasit, babu wata takarda da ta nuna abin da aka canza, garantin kuwa na baki ne, cewa idan ta sake riƙewa in dawo ba zai karɓi ko sisi ba. Na yarda da shi, amma ma'aikacin da zai kai motar ofis ya kawo shaidar kashe kuɗi zai sha wuya. Tsofaffin kayan dai an zuba mini su a leda an sa a but ba tare da na tambaya ba.

Kafin ya miƙa mini makulli ya taka feda sau da yawa har ta yi tauri, wanda wajibi ne bayan an mayar da fistin ciki, in ba haka ba takun farko a titi ba zai kama komai ba. Muka fita tare, ya riƙa kai motar matsakaicin gudu yana rage shi a hankali ba tare da ya tsaya cak ba, don sababbin fatun su zauna a kan faifan, ya kuma gargaɗe ni in guji birki mai tsanani a kwanakin farko sai dole. Da muka dawo ya kusantar da bayan hannunsa ga wilin hagu da na dama, ɗuminsu ɗaya. Tun daga lokacin motar ta shiga damina ta fita, tana tafiya a miƙe, wilin hagu ya daina baƙi, shan mai ya koma yadda na san shi, man da ke tanki kuma bai ragu ba.

Zan koma wurinsa da aikin birki, zan kuma tura wanda yake da haƙurin zama ya sa ido, da sharaɗin ya yi cinikin kuɗin aiki kafin a kwance noti ko ɗaya, ya kuma tsaya a kan a tallafe motar da kyau. Mai gaggawa, ko mai sabuwar mota da birkin hannunta na lantarki ne, wanda galibi sai an sa kwamfuta ake mayar da fistin bayanta, gara ya nemi wani wurin, domin ban ga irin wannan na'ura a garejin ba. Akwai kuma abu ɗaya da ya rage a tsakaninmu: birkin bayan wannan Corolla na ganga ne, kuma ko da yake an fitar masa da iska, ba a buɗe gangunan an duba ko ƙananan silindojin ciki suna yoyo ba, alhali tsohon man da ya ci fistin gaba shi ne ya yi shekaru a cikinsu. Da na tuna masa a waya ya amsa cewa ya kamata a duba, ya ce in kawo ta da sassafe ranar da ba Juma'a ba.